Ƙasar Gona Rai Gare Ta

Kaka ta yi. An yanke hatsi, an ɗaure dami, an kai rumbu. Abin da ya rage a gona shi ne kara. A da, kara yana kwana a gona har bazara. Bisashe su ci ganyensa, su bar kashi da fitsari. Sauran gara ta ci, ƙasa ta haɗiye. Yanzu kuwa, a wurare da yawa na jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, kafin wata ɗaya ya cika an kwashe kara sarai. Wani ya kai gida don tumakinsa. Wani ya ɗora bisa amalanke ya kai kasuwa. Wani ya yi darni da shi, wata ta hura wuta. Gona ta zauna tsirara wata 7 ko 8, rana na dukanta, iska na kwasarta.

Ba mai ganin laifin mai kwasar kara. Bukata ce ta sa shi. Amma manoman nan su ne kuma ke kukan ƙasa ta gaji. Gonar da ta cika rumbun uba, yau da ƙyar take cika rabin rumbun ɗa. Ruwa ba ya tsami banza. Tsakanin kwasar kara da gajiyar ƙasa akwai dangantaka. Don a gane ta, sai an san abin da ke cikin ƙasa.

KITSEN ƘASA

Mutum ya ɗebi ƙasa hannu ɗaya a gindin gawo, ko a wurin da shanu suka kwana bara. Ya ɗebi wani hannu a tsakiyar tsohuwar jigawa mai nisa da gari. Ya yayyafa musu ruwa, ya duba. Ta farko baƙa-baƙa ce. Tana da ƙamshi irin na ruwan farko. In an dunƙule ta, tana tsayawa. Ta biyu fara ce ko ja-ja, ba ta da ƙamshi. Ana buɗe hannu sai ta watse.

Abin da ya bambanta su shi ne ruɓaɓɓen abu. Ganye, kara, saiwa, kashin bisashe, matattun ƙwari, duk abin da ya taɓa rayuwa ya mutu, in ya ruɓe ya gauraya da ƙasa, yana zama wani baƙin gari mai laushi. Ana iya kiransa kitsen ƙasa. Sa mai kitse yana jure rani. Ramamme kuwa, tun kafin bazara ya kwanta. Haka ƙasa take.

Aikin kitsen ƙasa uku ne. Na ɗaya, yana riƙe ruwa kamar tsumma. In ruwa ya ɗauke kwana 10 cikin damana, hatsin da ke ƙasa mai kitse yana tsaye, na ramammiyar ƙasa ya yi yaushi. Na biyu, yana riƙe abincin shuka kusa da saiwa, kada ruwa ya wanke shi zuwa can ƙasa inda saiwa ba ta kai. Na uku, yana ɗaure rairai da juna, iska ba ta ɗaukarsa da sauƙi.

Ƙasar jigawa ta Nijar tana da ƙarancin wannan kitse. Masana sun auna. A cikin kilo 100 na ƙasar jigawa, fiye da kilo 90 rairai ne zalla. Kitsen bai kai kilo 1 ba. A gonaki da yawa ko rabin kilo bai kai ba. Ga shi kuma zafi da ruwan damana suna sa shi ƙarewa da sauri. Abu ne kaɗan, kuma kowace shekara yana raguwa. In ba a ƙara ba, sai ya ƙare.

MA'AIKATAN DA IDO BA YA GANI

Kara ba ya ruɓewa da kansa. Akwai masu ruɓar da shi. Wasunsu kowa ya san su. Ga gara, mai cin busasshen kara tana huda ƙasa. Ga buzuzu, mai mirgina kashin shanu yana binnewa. Ga tana, a fadama da garka.

Amma mafi yawan ma'aikatan ƙasa ido ba ya ganinsu, sai da madubin masana mai ƙara girman abu. Ƙananan halittu ne ƙwarai. Cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai kyau yana ɗauke da miliyoyinsu. Mata sun san aikin irinsu ko da ba su taɓa ganinsu ba. Danginsu ne ke mai da madara nono. Danginsu ne ke sa daudawa ta nuna. Kaɗan daga cikinsu suna kawo cuta, amma mafi yawa masu amfani ne.

Yaro ba ya cin zangarniya yadda take. Sai an sussuka, an surfa, an daka, an dama. Haka shuka ba ta iya cin kara ko kashin saniya yadda suke. Ƙananan halittun nan su ne masu sussuka da daka na cikin ƙasa. Suna cin ruɓaɓɓen abu, su farfasa shi, su saki abincin da ke ciki, ya narke cikin ruwa, sa'an nan saiwa ta sha.

Wasunsu suna zama a saiwar wake da gujiya. Wanda ya tuge wake mai lafiya zai ga ƙananan ƙulli-ƙulli a jikin saiwa. Wannan ba cuta ba ce, gidajensu ne. In an fasa ƙulli aka ga cikinsa ja-ja, suna cikin aiki. Suna ɗaukar wani abincin shuka daga iska, wanda malaman gona ke kira azot. Shi ne ke sa ganye ya yi kore shar. Irinsa ne ake saye da kuɗi a cikin farin takin zamani, ure.

Wasu kuma dangin funfuna ne. Suna yin zare wanda ya fi saƙar gizo siriri. Zaren yana shiga saiwar hatsi, ya miƙa nesa inda saiwa ba ta kai, ya kawo mata ruwa da wani abinci da ake kira fosfor. Ita kuma shuka ta biya shi da zaƙin da ganyenta ke yi. Fosfor shi ne abin da ƙasar jigawa ta fi rashi. Saboda haka wannan zare babban aboki ne ga hatsi.

Ma'aikatan nan ba su neman kuɗi. Abu uku suke so: abinci, danshi da inuwa. Da rani, in ƙasa ta bushe, suna kwanciya kamar masu barci. Ruwan farko ke tashe su. Sai su kama aiki gaba ɗaya, su saki abinci mai yawa cikin ƴan kwanaki. Yana cikin dalilan da suka sa shukar ruwan farko take fin ta baya ƙarfi. Amma in gona ta kwana tsirara, zafin saman ƙasa a watan Afrilu da Mayu yana wuce digiri 50. Ga zafi, ga rashin abinci. Yawansu ya ragu, aikinsu ya yi rauni. Wannan ne abin da manoma ke nufi in sun ce ƙasa ta mutu.

YADDA GONAKI SUKA RAME

Kakanni suna da dabara. In gona ta gaji, sai a bar ta ta zama saura, a sari wata. Cikin shekarun hutu, gamba da sauran ciyayi su fito, sabara da kalgo su yi girma. Ganye ya zuba, saiwa ta mutu cikin ƙasa, bisashe su yi kiwo su bar taki. Kitse ya komo. Bayan shekaru a dawo a samu sabuwar ƙasa.

Wannan dabara tana son fili mai yawa da mutane kaɗan. A ƙidayar shekarar 1977, mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 5. A ta 1988 sun haura miliyan 7. A ta 2012 sun haura miliyan 17. Ƙasar noma ba ta ƙaru kamar yadda mutane suka ƙaru ba. Gonar uba ɗaya aka raba wa ɗiya da yawa. A kudancin Maraɗi da Damagaram, saura ta kusa ɓacewa. Gona ɗaya ake shukawa kowace damana, hatsi bisa hatsi.

Akwai kuma wasu abubuwa da suka ƙara nauyi. A shekarun 1950 da 1960 gujiya ce kuɗin manomi, aka sari daji mai yawa dominta. Gujiya kuwa tuge ta ake yi gaba ɗaya, ɗiya a sayar, harawa a kai gida, ba abin da ya rage wa gona. A wancan zamani ana koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda ba icce ko ɗaya a cikinta. Farin 1973 da na 1984 suka kashe itatuwa da bisashe masu yawa, taki ya ragu. A yankin Maraɗi inda ake noman aya, wajen girbi ana ƙone ganyen, a tone ƙasa, a tankaɗe ta. Kuɗi na shigowa, amma ƙasar ta zama gari, iskar hunturu ta yi gaba da ita.

Ƙone-ƙonen sassabe ma yana cikin lissafi. In an tara kara da ganye aka sa wuta, azot da kitsen da za su shiga ƙasa sun bi hayaƙi. Toka ce kawai ta rage. Toka tana da amfani, amma iska tana kwashe rabonta kafin ruwa ya sauka.

Kowane ƙauye yana da shaida. Gonakin bakin gari suna samun juji, toka da kashin awaki. Gonakin nesa ba su samun komi, sai ma a kwaso karansu a kawo gida. Ruwa ɗaya ke sauka bisansu, iri ɗaya ake shukawa. Amma a duba tsawon kara da girman zangarniya. A duba kuma inda ƙuduji ya fi yawa. Ƙuduji ya fi son ramammiyar ƙasa.

GWAJIN SADORE

A Sadore, wajen kilomita 45 kudu da Yamai, akwai tashar binciken noma ta ICRISAT. A shekarar 1983 masana suka soma wani gwaji a can bisa ƙasar jigawa. Cikinsu akwai André Bationo, masanin ƙasa ɗan Burkina Faso. Suka raba fili kashi 4, suka shuka hatsi iri ɗaya. Kashi na 1 ba a ba shi komi ba, kuma ana kwashe karansa. Kashi na 2 ana shimfiɗa masa kara. Kashi na 3 ana zuba masa takin zamani kaɗai. Kashi na 4 ana haɗa masa kara da takin zamani.

Tun shekarar farko, kashi na 1 bai ba da kilo 300 a hekta ba. Ya yi ta raguwa, har a shekara ta 4 ya kasa kilo 100, watau ko buhu 1 bai cika ba. Kashi na 2, mai kara kaɗai, bai nuna bambanci mai yawa ba da farko. Amma a shekara ta 3 da ta 4 ya ninka na farko sau da dama. Kashi na 4 shi ne ya fi duka. A shekarun da ruwa ya samu, ya wuce kilo 1,000 a hekta, watau fiye da buhu 10.

A Sariya, cikin ƙasar Burkina Faso, akwai wani gwaji bisa dawa da aka soma tun 1960. Shi ma darasi ɗaya ya nuna. Inda ake zuba takin zamani kaɗai shekara da shekaru, amfani ya tashi da farko, daga baya ƙasa ta yi tsami, amfanin ya koma baya. Inda aka haɗa shi da takin bisashe, ƙasa ta riƙe ƙarfinta.

Ma'anar wannan a fili take. Takin zamani yana ciyar da shuka a damanar da aka zuba shi. Kara da takin gargajiya suna ciyar da ƙasa da ma'aikatanta. Zuba takin zamani a ƙasar da ba ta da kitse kamar zuba ruwa ne a kwando.

AIKIN KARA A GONA

Hatsin gida yana ba da kara wanda ya fi tsaba nauyi sau 3 ko fiye. Abincin da shuka ta sha daga ƙasa, wani yana cikin tsaba, wani mai yawa yana cikin kara. Wanda ya kwashe tsaba da kara duka ya ɗauki kaya biyu daga gona.

Karan da aka kwantar a ƙasa yana yin inuwa, zafi ya ragu. Yana tare rairai da ƙurar da iska ke kawowa, ƙurar hunturu kuwa tana da abincin shuka a cikinta. Yana kare ƙaramin hatsi daga rairan da guguwar farkon damana ke watsawa. Yana kiran gara. Gara ta fi son busasshen abu bisa ga ɗanyen hatsi. Tana cin kara, tana huda ramuka. In ruwa ya sauka, ta ramukan nan yake shiga maimakon ya gudu.

Masana sun ga cewa don kare gona daga iska da kyau, ana son wajen tan 2 na kara a hekta. Gonaki da yawa ba su ba da haka, ga kuma bisashe suna jira. To, in karan da za a bari kaɗan ne, kada a watsa shi ko'ina. A tara shi a wuraren da suka fi lalacewa, inda ƙasa ta soma ƙeƙashewa ko iska ta soma ƙwaƙulewa. Bana nan, baɗi can. Manoma da yawa suna ƙara masa da rassan sabara da kalgo.

Wasu suna tsoron tsutsar kara, wadda ke kwana cikin kara da rani ta fito da damana. Tsoron yana da dalili. Maganinsa, kada a bar kara a tsaye. A sare shi tun da wuri bayan girbi, a kwantar da shi bisa ƙasa. Zafin rana da na ƙasa suna kashe tsutsa mai yawa. Karan da aka yi darni ko rumfa da shi a cikin gari shi ne ya fi ɓoye ta.

MANOMI DA MAKIYAYI

Akwai wata tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi. Bayan girbi, makiyayi ya sauka da garkensa a gona. Manomi ya ba shi hatsi, ya bar shi ya shayar a rijiya. Shanu su ci kara, su kwana a gona. Bayan ƴan kwanaki a matsa da makwancinsu gaba, har a zaga wurin da ake so.

Wannan taki ya fi wanda aka kwaso daga gida, don fitsari yana shiga ƙasa nan take, azot mai yawa kuwa a cikin fitsari yake. Wurin da garke ya kwana da kyau yana nuna amfaninsa shekara 3 ko 4. Ta wannan hanya kara bai bar gona ba. Ya bi ta cikin saniya ya komo.

Amma saniya ba ta ƙirƙirar taki. Abin da ta ci a daji shi take kawowa gona. In an nome makiyaya, an toshe burtali, garke ba ya zuwa, taki ba ya zuwa. Manomin da ya ci burtali ya ƙara ƴan kuyyoyi, amma ya rage abincin gonarsa. Dokar kiwo ta shekarar 2010 ta ɗora wa hukuma aikin tsai da ranar sakin gonaki. In makiyayi ya jira ranar, manomi kuma ya bar wa garke abin ci, kowa ya samu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ICCE A GONA

Kowa ya san hatsin gindin gawo. Gawo yana zubar da ganyensa da damana, lokacin da shuka ke son rana da abinci. Da rani ya yi ganye, ya yi inuwa, ya zubo ɗiyansa. Bisashe su taru su ci, su bar taki. Saiwarsa tana zuwa nesa cikin ƙasa, ta jawo abincin da ruwa ya wanke, ganye ya komo da shi sama. Tsofaffi suna faɗin cewa sarakunan Damagaram na da sun hana saran gawo, da horo mai tsanani. A yankunan Magarya, Matamai da Mirya, manoma sun komo ga renon gawo, har wasu gonakin sun cika da shi.

A shekarar 1983, a jahar Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa kowace bazara suna fitowa ne daga kututturen tsofaffin itatuwa masu rai. Saiwa na nan, ba a bukatar dashe. A zaɓi reshe mai ƙarfi, daga 1 zuwa 5, a sare sauran, a gyara na tsaye. Wannan shi ne sassaben zamani. Bayan yunwar 1984 ya soma yaɗuwa, daga manomi zuwa manomi. Ƙauyen Ɗan Saga, a yankin Agye, ya yi suna da shi. Wani lissafi da masana suka fitar a 2009 ya nuna wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200.

Sabara ma, wadda ake rainawa, tana da aiki. A ƙasar Senegal masana sun gano cewa da dare saiwarta tana jawo ruwa daga can ƙasa, ta saki wani a sama, hatsin da ke kusa ya sha. Sun kuma ga ƙananan halittu sun fi yawa a gindinta. Ganyen da aka sassabe, in an bar shi a gona, abinci ne gare su. Icce a gona kuma yana ba mata itacen girki, kara ya tsira daga murhu.

WAKE BAYAN HATSI

Gwaje-gwajen da aka yi a Nijar sun nuna cewa hatsin da aka shuka inda wake ya tashi ya fi hatsin da ya biyo hatsi. Mai gona ƙarama yana iya raba ta: bana wake a nan, hatsi a can, baɗi a juya. Ko ya yi layin hatsi da layin wake, baɗi ya sauya musu wuri. Wajen ɗibar harawa, a yanke ta daga sama, a bar saiwa cikin ƙasa. Saiwar da ƙulle-ƙullenta rabon gona ne.

FAƘO MA YANA TASHI

A jahar Tawa akwai faƙo mai yawa, ƙasa mai tauri kamar daɓe, ko ciyawa ba ta fita. A shekarar 1989 wasu manoman yankin Illela suka ziyarci Yatenga, a Burkina Faso. Suka ga yadda manoman can ke haƙa ƙananan ramuka a faƙo su zuba taki. Da suka komo gida suka gyara tsohuwar dabararsu ta tassa. A damanar 1990, da ruwa ya yi ƙaranci, aka ga gonakin tassa sun ba da hatsi inda na kusa da su suka kasa. Gani ya kori ji. Har aka soma sayen faƙo da kuɗi don a gyara.

Ana haƙa tassa da rani. Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 10 zuwa 20. Ƙasar da aka fitar a tara ta wajen gangare, don ta tare ruwa. A zuba taki hannu 1 ko 2. Iska ta ƙara ganye da ƙura. Gara ta zo cin taki, ta huda faƙo daga ƙasa. In ruwa ya sauka, a shuka a cikin rami. Aikin yana da wuya, ya fi kyau a yi shi da gayya. Amma yana nuna abu ɗaya: ƙasar da aka ce ta mutu, in an ba ta abinci da ruwa, ma'aikatanta suna komowa.

RAMIN TAKI DA MURFIN KWALBA

Takin da aka bari a rana a bakin garke yana rasa ƙarfinsa. Ya fi kyau a haƙa rami a inuwa. A shimfiɗa yankakken kara ko ƙaiƙayi, a zuba kashin bisashe, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa. A sake haka har rami ya cika, a rufe da kara. In an kwaso juji, a tsince leda, kwalba da tsofaffin batura. Bayan ƴan kwanaki a soka sanda, a zare, a taɓa. In ta yi zafi, ma'aikata sun kama aiki. A riƙa juyawa kowane mako 2, ana ƙara ruwa. Cikin wata 2 zuwa 3 taki ya nuna: baƙi, mai laushi, ba wari. Zafin ramin yana kashe ɗiyan ciyawa da yawa.

Wanda ya samu halin sayen takin zamani, ba sai ya watsa shi ba. Akwai dabarar da aka gwada a Nijar tun shekarun 1990. A sa gram 6 na taki 15-15-15, watau cikin murfin kwalbar lemo, a kowane gurbin shuka. Kada ya taɓa iri. In an haɗa shi da ɗan takin rami, kaɗan yana yin aiki mai yawa. Hatsi ya ƙaru, kara ma ya ƙaru. In kara ya ƙaru, za a samu na bisashe, a samu na gona.

AIKIN DA KE GABA

Da kaka: a sare kara a kwantar. A ware rabon bisashe, a ware rabon gona. A yanke harawar wake, a bar saiwa.

Da hunturu: a shirya da makiyayi bayan sakin gonaki. A soma da gonar nesa, wadda ta daɗe ba ta ga taki ba. A cika ramin taki.

Da rani: a haƙa tassa a faƙo. A rufe wuraren da suka ƙeƙashe da kara da rassa.

Da bazara: wajen sassabe, a bar tsiron gawo, sabara, kalgo da aduwa. Kada a sa wuta.

Da damana: a sauya wa hatsi da wake wuri. A tuge ƙuduji kafin ya yi ɗiya.

Kitsen ƙasa yana saurin tafiya, amma sannu yake komowa. Shekarar farko ba lalle a ga bambanci mai yawa ba. Wanda yake shakka ya ware ɗan wuri, taku 10 bisa 10, ya bar masa kara da taki shekara 3, ya riƙa ƙirga daminsa dabam. Ya kai sakamakon cibiyar yaƙi da jahilci ko taron ƙungiyar manoma, a rubuta, a gwada da na maƙwabta. Malaman gona na yanki suna iya taimakawa wajen awo.